Filin Tambayoyinku Kan Girman Yara: Katin Awo, Ma'aunin Dantse da Kwanon Kunu

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka zo wannan karon kusan duk a kan abu guda suke, wato yadda uwa za ta gane ɗanta na girma ko ya tsaya. Na zaɓi biyar. Kamar yadda muka saba, ba na sa sunan kowa, sai unguwa ko gari.

TAMBAYA: Malama, ɗana na fari watansa tara. An haife shi da kilo 2.9. A katinsa an rubuta kilo 7.0 yana wata shida, 7.2 a wata bakwai, 7.3 a wata takwas. Jiya da na kai shi allurar ƙyanda aka sake rubuta 7.3. Ma'aikaciyar ta ce bai sauka ƙasa da jan layi ba. Uwar mijina kuma ta ce in kwantar da hankalina, haka irin gidansu suke, ba su da jiki. Yana shan nono, ina ba shi kunun gero a fida sau uku a rana. Ba ya ciwo, yana wasansa. In bar shi haka?
Wata uwa daga Mabera

AMSA: Ɗiyata, kar ki bar shi haka. Na ji daɗi ƙwarai da kika kawo mini lambobin duka, domin su ne suka nuna abin da ido bai gani ba. Ana cewa ido ba mudu ba, ya san ƙima. A kan girman yaro ban yarda ya san ƙimar ba, musamman idon uwa da ke kallonsa safe da yamma. Yaro zai yi wata uku bai ƙara komai ba, yana dariya yana rarrafe, duk gida ba wanda ya lura.

Buɗe katin a gabanki. A ƙasa an jera watanni, a gefe an jera kilo. Duk ranar awo ana sa ɗigo a inda watan yaro ya haɗu da nauyinsa, sai a haɗa ɗigon da na baya da layi. Layukan da aka riga aka buga a katin, koren tsakiya shi ne matsakaicin nauyi, jan da ke ƙasa kuma iyaka ce. Amma layin da kika fi buƙatar dubawa shi ne na ɗanki, wanda ake zanawa da biro. In yana hawa kusa da yadda bugaggun layukan ke hawa, lafiya lau, ko da yana ƙasa da koren. In ya kwanta, awo biyu a jere ba ƙari, akwai magana. In ya juya ƙasa, ranar nan za a nemi dalili.

Ga lissafin ɗanki. Matsakaicin namiji kilo 7.9 yake yana wata shida, 8.9 yana wata tara. Ke nan ana sa ran ƙarin kusan kilo ɗaya a wannan tsakanin. Naki giram 300 ya ƙara. Gaskiya ne bai kai jan layi ba, domin a wata tara jan layin maza yana kan 7.1. Amma a wata goma layin zai hau zuwa 7.4. In ya zauna a 7.3, wata mai zuwa yana ƙarƙashinsa ba tare da ya rage ko giram ɗaya ba. Shi ya sa nake jin zafi idan na karɓi kati na tarar an cika shi da lambobi, ba ɗigo ko ɗaya a kan zanen. Duk wadda aka auna ɗanta, ta roƙi a sa ɗigon a gabanta, a nuna mata inda layin ya dosa. Haƙƙinta ne. Ta kuma duba sikelin yana kan sifili kafin a ɗora yaro, a cire masa kaya masu nauyi da jiƙaƙƙen kunzugu.

Maganar surukarki, a girmama ta, amma ga abin da aka gano. Layukan katin sun fito ne daga binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi tsakanin 1997 da 2003, a kan yara kusan 8,500 daga Ghana, Indiya, Oman, Burazil, Norwe da Amurka, aka fitar da sakamakon a 2006. Yaran duk masu shan nono ne, a gidajen da ake da abinci da tsafta da kulawar asibiti. Sai aka ga ɗan Ghana da ɗan Norwe kusan tafiya ɗaya suke yi a shekarun farko. Gado na da tasiri, babu shakka, wani yaro ƙarami ne tun asali. Amma ƙaramin yaro mai lafiya layinsa hawa yake yi. Gado ba ya kwantar da layi.

Ki lura da lokacin da abin ya fara: daidai wata shida, lokacin da nono shi kaɗai ya daina isa, ƙarfen jinin da ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa, kunu kuma ya shigo. Laifin, a ganina, yana cikin fidar nan. Kunun da zai iya bi ta hujin fida yawancinsa ruwa ne. Cikin yaro ɗan wata tara bai wuce kofin shayi ba, in kika cika shi da ruwan gero ya ƙoshi, amma jikinsa bai samu abin gini ba. Ga kuma wahalar wanke fida, wadda ke jawo gudawa. Ajiye ta, ki koma ƙaramin kwano da cokali.

Abin da nake nuna wa mata a wurin awo shi ne, in ɗebo kunu a cokali in karkata shi. In ya zube nan take ya yi ruwa. In ya tsaya yana zamowa a hankali, ya yi daidai. Garin kuma ki haɗa shi haka: gero ko dawa gwangwani shida, waken suya gwangwani uku, gyaɗa gwangwani ɗaya. Shi ne haɗin da ake kira Tom Brown. Ki tsince, ki zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, ki soya kowanne daban. Waken suya ya soyu sosai har ya yi ƙamshi, a ɓarza a sheƙe ɓawon, sannan a niƙa gaba ɗaya. In kin dama masa, ki zuba ƙaramin cokali na man gyaɗa ko man ja ko man shanu. Yau ki barbaɗa garin busasshen kifi, gobe garin zogale, jibi ki murtsuke dafaffen ƙwai a ciki. Kifin nan ƙanana da ake shanyawa a Kwalkwalawa da Goronyo, a daka su har ƙashinsu ya yi laushi a tankaɗe, sun fi duk wani abin gwangwani da za ki saya da tsada. Ranar da maigida ya shigo da nama, a yanka wa yaro ɗan guntun hanta a dafa a murtsuke, domin jini. Batun cewa ƙwai na sa yaro sata, ki bar shi a inda kika ji shi.

A watanninsa yana buƙatar cin abinci sau uku zuwa huɗu a rana, kowane ci kamar rabin kofi mai ɗaukar mililita 250, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu: ayaba, gwanda, mangwaro, dafaffen dankali ko kabewa. Nono na nan yadda yake, dare da rana. Kwanonsa daban, ki zauna ki ba shi da haƙuri, domin ki san iya abin da ya shiga. Zuma kuwa sai ya cika shekara.

Ki mayar da shi awo bayan mako biyu, a kan sikelin da aka saba. In wata guda ya wuce kina wannan ƙoƙari layin bai ɗaga ba, a kai shi likita ya duba jini, zazzaɓin cizon sauro, sikila, ciwon fitsari da tarin fuka. Wani lokaci akwai ciwon da ke cin yaro a ɓoye.

TAMBAYA: Malama, mu da munka yi goyo, ruwa muke ba ɗiya tun kafin suna, kuma sun rayu. Yanzu matar ɗana ta ce an hana ta ba jinjiri ruwa har wata shida. Watansa biyu, ga zafin Sakkwato. Wanga ba zalunci ba ne?
Wata kaka daga Wurno

AMSA: Inna, Allah ya ƙara girma. Tausayi ne ya sa kika tambaya, kuma wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar nan, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ba zai ga laifinki ba. Amma jikanki na shan ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma nonon da ke fara fitowa a kowane shayarwa ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi, mai kaurin na biye. In rana ta yi zafi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara sa shi a nono.

Ruwan da za a ba shi ɓarna biyu yake yi. Yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu. Sannan ruwan randa ko na rijiya da babba zai sha ya zauna lafiya, jinjiri na iya kwasar gudawa daga gare shi. Haka jiƙe-jiƙe da ɗauri. Dakashin farko kuma, mai kauri ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar farko da yaro ke samu daga cututtuka, shi ya sa ake so a sa jinjiri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Ga yadda za ki tabbatar da kanki, Inna. Ki ƙirga fitsarinsa: in yana yi sau shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin ba ja ba, ruwa ya ishe shi. Ki kuma raka su awo. Jinjiri kan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar da shi cikin mako biyu, daga nan yana ƙara giram 150 zuwa 200 ko fiye kowane mako a watannin farko. Wajen wata biyar ya ninka nauyin haihuwarsa, a shekara ɗaya ya kusa ninki uku. In kin ga haka a katin, nonon ya wadatar. Babban taimakon da za ki yi masa shi ne ki tsaya uwarsa ta ci ta ƙoshi, a kuma rage mata aikin gida.

TAMBAYA: Malama, ɗiyata shekararta ɗaya da wata takwas. Uwarta ta samu ciki, sai munka yaye ta rana ɗaya aka kai ta wurin kakarta, don kar ta sha ciki. Wata biyu ke nan. Ta yi zawo ta rame, amma yanzu jikinta ya dawo, har ƙafafu da kumatu sun cika. Abin da ya dame ni, ba ta son abinci, ba ta wasa, gashinta ya yi ja yana zubewa. Asibiti na da nisa da mu. Wane magani zan sawo?
Wani magidanci daga ƙasar Tangaza

AMSA: Malam, kar ka sayi komai. Kuɗin maganin ka yi kuɗin mota da shi, ka kai ta asibiti yau, in dare ya yi gobe da asuba. Abin da ka kwatanta ba dawowar jiki ba ne, ina tsoron kumburin tamowa ne, kuma shi ne nau'in da ya fi haɗari.

Kafin ku tashi, gwada wannan. Ka riƙe ƙafafunta biyu, ka danna bayan kowace ƙafa da babban yatsanka, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, ka ɗaga. In ramin yatsan ya zauna a ƙafafun duka biyu, ruwa ne ya taru a jikinta. Irin wannan yaro sikeli na iya yaudarar mutum a kansa, domin ruwan na da nauyi. Jan gashi, ƙin abinci, rashin walwala da saɓewar fata duk tafiyarsu ɗaya da shi.

Tunda ba ta cin abinci, mai yiwuwa a kwantar da ita. Kar ka ƙi. Za a fara mata da wata madara ta musamman, kaɗan-kaɗan kowane awa biyu ko uku, dare da rana, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Za ka ga kamar abin ya yi kaɗan, har ka so a ƙara mata nama ko madarar gwangwani. Kar a yi. Hanta da zuciyar yaron da tamowa ta kama sun raunana, abinci mai nauyi farat ɗaya na iya kashe shi. Za ka kuma ga nauyinta ya ragu a kwanakin farko, wannan ruwan ne ke fita, alama ce mai kyau. A hanya a lulluɓe ta, a goya ta a jiki, domin irinsu sanyi na kama su da wuri ko da ana zafi, a kuma riƙa ba ta ɗan abin da za ta iya karɓa a kai a kai.

In ta fara ci, za a koma ba ta abincin leda da ake yi da gyaɗa, madara, sukari, mai da sinadarai. Kowace leda giram 92 ce, ba a dafawa, ba a dama shi da ruwa, a ba ta ruwa mai tsafta ta sha a gefe. Za a sallame ku da na mako guda, kuna dawowa awo duk mako, yawanci har mako shida zuwa takwas. Ina roƙonka da girman Allah, wannan magani ne, nata ne ita kaɗai. An lissafa adadin ledojin da nauyinta. In aka raba da yayyenta, ko aka kai kasuwa, ita ce za ta biya. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yaron da ke da tamowa mai tsanani, haɗarin mutuwarsa daga cututtukan yara na yau da kullum kamar ciwon huhu na iya kai ninki 11 na yaro mai lafiya.

Ka duba bakinta ma. In dasashi ya yi gyambo yana jini, baki na wari, ko kunci ɗaya ya kumbura, ka faɗa wa likita tun a bakin ƙofa. Cutar noma, mai cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, yaran da tamowa ko ƙyanda ta raunana take kamawa, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida. In an tare ta da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci na tsayar da ita. Muna da asibitinta na musamman a cikin garin Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Tunda kuna nesa da sikeli, ka roƙi ma'aikatan su ba ka ma'aunin dantse su koya muku kai da uwarta. Ɗan siririn tef ne mai launi uku, na yara daga wata shida zuwa shekara biyar. A lanƙwasa hannun hagu, a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun ya sauka, a zagaya tef ɗin, ba matsewa ba sako-sako. Kore, santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. Ruwan ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara, a je asibiti cikin makon. Ja, ƙasa da 11.5, a je ranar. Ba sai mutum ya iya karatu ba. Na ga tsofaffin da ba su taɓa riƙe biro ba suna auna jikokinsu daidai. Ka auna duk yaran gidanka da ba su kai biyar ba, wata-wata, a damina kuwa duk mako biyu, domin daga Yuli zuwa Satumba ne rumbu ke yin ƙasa, zazzaɓi da zawo kuma suna tashi. 'Yan'uwanmu na gabashin jiha, su Isa da Sabon Birni da Rabah, da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, su suka fi kowa buƙatar wannan tef a hannu.

Batun shan ciki kuma, don gaba: nonon mai ciki ba ya lalacewa, ba ya zama guba. Mai cikin da ke lafiya na iya ci gaba da shayarwa, ta ƙara cin abinci. Abin da ke kayar da yaron shi ne a raba shi da nono da uwa rana ɗaya, a kai shi gidan da zai sa hannu a kwano ɗaya da manyan yara, tuwon ya ƙare kafin ya kai loma uku. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. In yaye ya zama dole, a yi shi a hankali cikin makonni, bayan yaro ya saba da abinci. Allah ya ba ta lafiya. Ka rubuto mini yadda ta kwana.

TAMBAYA: Yarona na zawo kwana huɗu, an ce haƙori ne zai fito, wasu sun ce a kai shi wurin wanzami a cire beli.
Wata uwa daga Gidan Igwai

AMSA: Ƙanwata, haƙori na sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, ba ya sa zawon kwana huɗu. Lokacin ne dai ya zo ɗaya da rarrafe da kai komai baki. Kar a cire masa beli, ba abin da zai ƙara sai zubar jini da ƙin abinci. Ki karɓo ORS, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, ki kaɗa leda ɗaya a yawan ruwan da aka rubuta a jikinta, kina ba shi bayan kowane zawo. Ki haɗa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, rabin haka in bai kai wata shida ba. Kar ki janye nono ko abinci. In ya warke, ki ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu, sannan a auna shi. In kin ga jini a bayan gida, ko idanu da maɗiga sun faɗa, ko ya kasa sha, ko yana amai da komai, asibiti nan take.

TAMBAYA: Malama, ni malamar makaranta ce. 'Yata shekararta biyu da rabi, tsawonta santimita 82, nauyinta kilo 10.5. Ba ta rame ba, amma duk sa'o'inta sun fi ta tsawo. Mai kemis ya ce akwai maganin da zai buɗe mata ciki ta yi jiki. Ina da cikin wata huɗu yanzu, ina tsoron a maimaita.
Wata uwa daga Arkilla

AMSA: Malama 'yar'uwata, fara da kemis: kar ki karɓa. Magungunan da ake sayarwa da sunan buɗe ciki, wasu na sa yaro barci ne da kasala, wasu kuma, irin su sha-ka-fashe, kumbura fuska suke yi su raunana garkuwar jiki, har su danne tsawon da kike nema.

Matsakaicin tsawon mace 'yar wata 30 ya kusa santimita 91, iyakar ƙasa kuma tana wajen 83 da rabi. Ke nan 82 ya ɗan sauka ƙasa da iyaka, in an auna daidai. A sake aunawa a asibiti da allon awo, ba takalmi, ba ɗaurin gashi a tsakiyar kai, dugadugai da baya manne da allon. Wanda bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, mutum biyu, ɗaya riƙe da kai ɗaya ya miƙe gwiwoyi. Nauyinta ya dace da tsawonta, shi ya sa ba ki ga rama ba. Wannan ita ce tsumburewa, kuma ta fi rama wuyar ganewa, domin a hankali take taruwa daga ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo, wani lokaci tun daga ciki.

Ba ke kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihar Sakkwato kuwa fiye da rabi. Idan rabin yaran unguwa gajeru ne, gajarta sai ta zama kamar ita ce daidai, ba mai tambaya. Abin da ke damuna ba tsawon kansa ba ne. A wannan lokacin ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa: kewayen kan jinjiri kusan santimita 34 ne ranar haihuwa, ya kai wajen 46 a shekara ɗaya. Abin da ya hana ƙashi tsawo na iya taɓa wannan ginin, ke kuma kin fi ni sanin yadda hakan ke bayyana a aji.

Ba zan ɓoye miki ba, tsawon da aka rasa kafin shekara biyu da wuya ya dawo duka. Amma yarinya 'yar biyu da rabi tana da sauran girma mai yawa a gaba, kuma hankalinta na karɓar duk abin da aka zuba masa. Kullum ta samu wani abu daga dabba, ko ƙwai ko kifi ko nono ko nama, da wake ko awara, da ganye da 'ya'yan itace. A rage mata biskit da lemon kwalba da ke toshe ciki kafin abinci. Duk wata shida ta karɓi ɗigon bitamin A da maganin tsutsar ciki, ana bayarwa kyauta a makon lafiyar mata da yara. A damina ta sha maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida wata-wata, ta kwana cikin gidan sauro. Ki duba katinta ko ta samu allurar ƙyanda ta biyu, ta wata 15, wadda iyaye da yawa ke mantawa. Ki yi mata hira da waƙa da tatsuniya, ki ba ta amsa in ta yi tambaya. Likitan yara kuma ya gan ta sau ɗaya, a Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a tabbatar ba sikila ko wani ciwo ne ke riƙe ta ba.

Na cikinki kuwa, kin tambaya a kan kari. Kwanaki 1,000 da ake magana, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kina cikinsu yanzu. Ki riƙe awon ciki, ki sha ƙwayoyin ƙarin jini kullum ko da suna ɗan tayar miki da zuciya, ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓi na masu ciki, ki ƙara ci ɗaya a kan abin da kika saba. Ki haihu a inda za a auna jinjirin ranar da ya zo, domin wanda bai kai kilo 2.5 ba kulawarsa daban ce tun daga ranar. Daga nan awo kowane wata har ya shekara biyu, ba ranakun allura kaɗai ba, sannan duk wata uku har ya kai biyar. Ki nemi a riƙa auna tsawonsa ma duk bayan wata uku, a rubuta a katin kusa da nauyin.